Yadda Fillanci Ya Fita Daga Gidanmu

Tun bayan rasuwar mahaifiyarku nake jin wata magana tana yawo a tsakaninku, har ta fara kaiwa bakin jikoki. Ranar sunan ɗan Sadiƙu wani daga cikin dangina na daji ya gaishe ku da Fillanci, kuka yi tsuru-tsuru, sai ɗayanku ya ce masa cikin dariya ai Mama Bahaushiya ce 'yar Ƙofar Wambai, shi ya sa harshen bai zauna a gidan ba. Ina kan tabarma ina ji, ban tanka ba saboda taro ne. Amma ba haka maganar take ba, kuma wadda aka ɗora wa laifin ba ta nan balle ta kare kanta. Ni na fitar da Fillanci daga gidan nan, da bakina, bisa wasu dalilai da a lokacin nake ɗauka na ilimi ne. Zan faɗi yadda abin ya faru, ku ajiye.

Ku kun taso kun same ni malamin ilimin halittu, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Baba Bayoloji. Ba ku san yaron da aka kawo Bauchi daga ruga ba. Mu biyu ne maza a wurin Dada, kakarku: yayana Hamma Sale da ni. Da aka ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya makaranta, mahaifinmu ya duba ya ga Hamma ya iya kiwo, ni kuwa kullum sai maraƙi ya ɓace a hannuna, sai ya ba da ni. Na shiga aji da Hausar da ba ta wuce ta cinikin nono ba. Ranar farko malami ya tambaye ni wa ya kawo ni, na ce Dada ya kawo ni. Ajin ya kwashe da dariya, kuma har na gama firamare Dada-ya ake kirana. Ba wani abin azo-a-gani ba ne. A Bauchi rabin mutanen kasuwa haka suke magana, su ce wa mace ya, ba mai ɗaga kai. Amma ni abin ya tsaya mini. Na dinga gyaran Hausata har ta kai ko Bakano ba zai kama ni da kuskure ba, sannan na ɗora Turanci a kai.

A kwalejin horon malamai na haɗu da darasin da ya zama abincina shekara talatin da wani abu. Taƙaitaccensa shi ne: kowane mai rai yana haifar fiye da abin da ƙasa za ta iya ɗauka, kuma 'ya'yan ba sa zuwa iri ɗaya. Wanda bambancinsa ya dace da wurin da ya sami kansa shi ke rayuwa ya haihu, ya bar wa na baya wannan bambancin. Sauran su ƙare a hankali. Ba wanda ya nufe su da sharri, wurin ne kawai ya tankaɗe su. 'Yan ajinmu da yawa sun sha wahalar darasin, wasu ma sun ƙi shi. Ni ban ga baƙon abu a ciki ba. Ɗan makiyayi ya san gajerun shanun kudu suna kiwo lafiya a kurmin da ƙudan tsando ke kashe namu cikin damina ɗaya. Abin da na sani da ido ne aka ba ni sunansa.

Da na tsaya a nan, da ba abin da zan rubuta muku yau. Amma na dawo Bauchi ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, gari yana cika kamar kogi a watan Agusta. Ma'aikata da 'yan kasuwa da masu neman aiki suna shigowa ta kowace hanya, Jarawa, Sayawa, Bolawa, Fulani irina, kowa ya iso sai ya ajiye harshensa ya ɗauki Hausa, 'ya'yansa kuma su tashi ba su san wani ba. A unguwar Gwallaga na ga masaƙa suna naɗe kayansu saboda yadin kanti ya fi araha, na ga maƙeran da suka koyi walda suna samu, waɗanda suka ƙi suna zaune suna korar ƙuda. Sai na ce a raina, ga abin da ke cikin littafi nan yana tafiya da ƙafarsa a titi. Na fara faɗa a ɗakin malamai cewa harsuna da sana'o'i da al'adu su ma masu rai ne, kamar ciyayi a fadama ɗaya: wadda ta fi dacewa da zamani ta rufe sauran, kuma kuka a kan haka kamar kuka ne don rani ya shigo. Abokan aiki suna jin daɗin maganar, sukan tsokane ni in sake. Ni ma ina jin daɗinta, domin ta mayar da abin da ya same ni a aji ɗaya doka ta halitta, wadda ba ta da mai laifi kuma ba ta da abin kunya.

Mutum na farko da ya taka mini burki shi ne surukina, kakanku na wajen uwa, wanda duk Ƙofar Wambai ke kira Malam. Nakan je gaishe shi kowace Juma'a bayan an sauko. Wata rana ya tambaye ni me nake koya wa yara, na zayyana masa, har da ƙarin da na yi na harsuna da al'adu. Na shirya tsaf don gardamar cewa wai daga biri mutum ya fito, wadda na saba sha a wurin almajiransa. Sai ya ce shi batun biri bai karanta ba, ba zai sa baki a abin da bai karanta ba. Yana jan carbi ya tambaye ni:

"Wannan da ka ce yana ragewa, shi ne mafi alheri, ko kuwa dai shi ne ya rage?"

Na ce ilimin bai yi maganar alheri ko sharri ba.

"To, in bai yi ba, kai ma kada ka yi masa. Ni dai na ga in aka yi fari, tumfafiya ce ke ragewa a gona, ba dawa ba."

Na yi dariya, na ce Allah ya gafarta Malam. A hanyar gida na ba mahaifiyarku labarin a matsayin barkwancin tsofaffi.

Sai shekarar bushiya ta zo. Ku ba ku san wannan cuta ba, an ce yanzu ta ƙare a duniya. Takan kama saniya da zazzaɓi da zawo, cikin kwanaki ta kwanta ba ta tashi. Mahaifinmu ya rasu shekara biyu kafin nan, garken yana hannun Hamma. Abin da kakanninmu suka tara ya ƙare cikin wata biyu, sai goma sha ɗaya suka rage. Hamma ya yanke shawarar ya yi kudu da su inda ya ji cutar ta lafa. Dada kuwa gwiwoyinta sun daina doguwar tafiya. Ya ɗoro ta a motar itace, da ƙoranta da faya-fayanta da wata tukunya da ta ƙi rabuwa da ita, aka sauke ta a ƙofar gidan nan na Fadaman Mada. Lokacin ɗaki uku ne kawai na gina, rabin unguwar gonaki ne. Ummi tana da shekara takwas, Sadiƙu biyar, Fa'iza ba a haife ta ba.

Gidan ya canza murya cikin mako guda. Dada ba ta iya zama shiru, kuma Hausarta ta kasuwa ce: zo, kawo, nawa, ba ragi. Saboda haka da Fillanci take yi wa kowa magana, da kaji, da buta, da jikokinta. Ummi, wadda sunan Dada ta ci, ta kwashe tabarmarta ta koma ɗakin tsohuwar. Sadiƙu ya koyi kiran shanu, yana bin awakin maƙwabta da shi. Mahaifiyarku kuma, wadda ake cewa ita ta kori harshen, ta cire tsohuwar kalanda daga bango, ta dinga rubuta kalmomi a bayanta da ajami, tunda shi ta iya tun tana gidan Malam. In tana girki sai ta ɗaga ludayi ta tambayi Dada sunansa, ta ɗaga muciya, ta ɗaga gishiri. Dada ta yi ta dariyar yadda take karya kalmomin, ita ma ta yi. Nakan dawo daga makaranta in same su haka. Ba zan ce abin bai yi mini daɗi ba da farko. Kafin wata huɗu Ummi tana jin kusan duk abin da aka faɗa, tana kuma mayarwa.

Wata Asabar mataimakin shugaban makarantarmu ya zo gida a kan maganar jadawalin jarrabawa. Muna zaune a zaure sai Sadiƙu ya shigo da ruwa, ya durƙusa ya ce Mama ya ce a gaishe ku. Baƙon ya yi dariya, ya shafa kansa, ya ce lallai jini ba ya ɓuya. Bai nufi komai ba, mutumin kirki ne. Na raka shi bakin hanya, na dawo na zauna a zauren ni kaɗai har aka kira la'asar. Abin da na gaya wa kaina shi ne, yaran nan a birni za su rayu. Hausa za su yi ciniki da ita, Turanci za su ci jarrabawa da shi. Fillanci ba shi da gurbi a rayuwar da ke gabansu, kuma kan yaro ba zai ɗauki harshe uku ba tare da ɗaya ya gurɓata sauran ba. Wannan na ƙarshen ban karanta shi a ko'ina ba, na dai ƙaddara shi ne. Na ƙara da cewa tunda harshen zai bar zuriyata ko ba jima ko ba daɗe, gara ya tafi da wuri, kafin ya jawo wa ɗana sunan da aka laƙaba mini.

Mahaifiyarku na fara gaya wa. Tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba har na gama bayanin ciyayi da fadama. Sannan ta ce:

"Malam, tsohuwar nan ta rasa miji, ta rasa shanu, ta rasa daji. Jikokin nan ne suka rage mata. Da wane baki kake so ta yi musu magana?"

Na ce da Hausa, za ta koya. Ta ce mai shekara kusan saba'in ba ya koyon harshen da zai yi tatsuniya da shi. Na ce ba tatsuniya za ta ciyar da su ba. Ta sake gwadawa washegari, ta sake bayan kwana biyu, har ta ce in je in yi shawara da Malam mahaifinta, na ce na san abin da zai ce. Daga ƙarshe ta ce yaran nawa ne, ba za ta saɓa mini a kansu ba, amma ita ba yarinya ba ce, dokar ba ta hau kanta ba. Ta ci gaba da kalandarta.

Zuwa wurin Dada ya fi wuya. Na same ta da hantsi a gindin dalbejiyar tsakar gida tana gyaran wata ƙwarya da ta tsage. Da Fillanci muka yi maganar, ni ne nake juya muku ita. Ban faɗa mata kai tsaye ba, na bi ta hanyar da nake ganin za ta gane. Na ce ta ga yadda bushiya ta shiga garkenmu, raunana suka mutu, masu ƙarfi goma sha ɗaya suka tsira, kuma daga waɗannan ne sabon garke zai fito, wanda ya fi na da jure wahala. Na ce haka Allah ya tsara duniya, ba a shanu kaɗai ba. Harsuna ma haka suke. A birni Hausa ce mai ƙarfi, namu kuwa na daji ne, kuma ba laifin kowa ba ne. Saboda haka ina roƙonta ta riƙa yi wa yaran Hausa.

Ta ci gaba da ɗinkin ƙwaryar har na zaci ba za ta amsa ba. Sannan ta ce:

"Buba, wa ya ce maka masu ƙarfi ne suka tsira?"

Na ce ai abin a fili yake.

"Ba ka nan. Labari ya zo cewa masu allurar rigakafin shanu sun sauka a wani gari, tafiyar kwana biyu. Yayanka shi kaɗai ne, yaransa ƙanana. Ba zai iya kora garken duka ba, rabi sun fara kwanciya. Ya tsaya a tsakiyarsu tun asuba har rana ta ɗaga, yana nuna wannan yana barin wannan. Ya ɗauki masu ciki, da wadda aka ba matarsa ranar aure, da jikar saniyar da aka yanka maka suna a kanta, ko da yake ramammiya ce. Babban bijiminmu, wanda ya fi kowa ƙarfi, ya bar shi, don ba ya koruwa. Ya dawo ya tarar da shi a kwance. Goma sha ɗayan nan yayanka ne ya zaɓe su, yana kuka."

Ban san wannan ba, Hamma bai taɓa gaya mini ba. Na ce mata wannan misali ɗaya ne, ilimi kuwa da dubbai yake aiki. Ta dube ni, irin duban da take yi wa sama in tana son ta san ko za a yi ruwa. Ta ce:

"Gidanka ne."

Ba ta ƙara ko kalma ba, ba ta kuma taɓa tayar da maganar ba har ta bar duniya.

Ku da kuka yi zamani da ita kuna tuna ta a matsayin tsohuwa mai shiru. Ba haka aka haife ta ba. Dada irin mutanen da ce, waɗanda in suka ba da magana ko a bayan idonka ba sa karyawa. Daga ranar ba ta sake yi wa jikokinta Fillanci ba, ko ina gida ko ba na nan. Abin da ya rage tsakaninta da su shi ne 'yar Hausarta: zo, ci, bari, ba kyau, Allah shi albarka. Tatsuniyoyin suka tsaya. Ummi ta yi ta yi mata Fillanci tana amsawa da Hausa, har yarinyar ta gaji ta daina. Dada ta ci gaba da yi wa kaji magana, amma in ta ga Ummi ta raɓo kusa tana saurare sai ta yi shiru ta watsa musu tsaba. Bayan wata biyu Ummi ta mayar da tabarmarta ɗakin uwarta, ba wanda ya ce ta yi. Mutum biyu suka rage wa tsohuwar a duk birnin Bauchi: ni, da nake fita da safe in dawo da tarin littattafan gyara, da surukarta mai kalmomin bayan kalanda. Mahaifiyarku ce ke zama da ita da rana, suna haɗa rabin wannan da rabin wancan. Abin da na sani game da shekarun Dada na ƙarshe, yawancinsa daga bakinta na ji.

Lissafina kuma bai ƙi ci ba, in ana maganar abin da ido ke gani. Sadiƙu ya daina cewa Mama ya ce. Kuna zuwa na ɗaya ko na biyu a aji. Na riƙa ɗaukar wannan a matsayin hujja, ban kula da cewa 'ya'yan maƙwabcinmu, wani ma'aikacin asibiti Basayi, suna yin harshen ubansu da Hausa da Turanci, kuma su ne ke karɓe na ɗayan in kun yi na biyu ba. Mai neman hujja ba ya ganin wadda ba tasa ba.

Shekara uku muka yi a haka. Sai wata safiya Dada ta faɗi a bakin randa, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da ta farfaɗo a asibiti, 'yar Hausar nan ta tafi gaba ɗaya, kamar ba ta taɓa jin ta ba. Likita ya ce hakan na faruwa, harshen da aka fara da shi ne ke ragewa. Aka sallamo ta muka dawo gida. Ta ɗan samu sauƙi, tana cin abinci, tana gane mutane. A cikin haka takarda ta zo ana nemana a Jos aikin duba takardun jarrabawa na mako guda. Mahaifiyarku ta ce in ba da uzuri. Na tambayi Dada, ta ce in tafi, aiki ne. Na tafi.

Rana ta uku da tafiyata, bayan azahar, numfashinta ya canza. Mahaifiyarku na goyon Fa'iza, ba waya a lokacin, ba namiji a gidan. Ta saɓa jaririyar ta nufi Ƙofar Wambai ta kira yayanta mai mota, ta bar Ummi a ɗakin ta ce kada ta matsa. Ba ta same shi a gida ba, sai da aka bi shi kasuwa. A wannan tsakanin ne Dada ta buɗe ido, ta kama wuyan hannun Ummi da hannunta mai lafiya, ta fara magana. Ummi ta ce muryar a sarari take, ba irin ta mai ciwo ba, kuma ba ta tsaya ba har aka kusa kiran la'asar. Wani wurin takan yi kamar tana lissafa sunaye, wani wurin ta yi murmushi, wani wurin ta girgiza hannun ta jira amsa. Ko ta manta da alkawarin da ta yi mini ne, ko ta ga lokacinsa ya wuce, Allah ne masani. Yarinyar tana da shekara goma sha ɗaya, kuma abin da ta koya a wata huɗu ya zube a shekara uku. Ta dinga cewa to, Dada, to, Dada. Kafin mota ta iso tsohuwar ta yi shiru. Ba ta sake magana ba, ta cika washegari da hantsi. Saƙo ya same ni ta hannun wani direba, na iso an riga an dawo daga maƙabarta.

Bayan addu'ar uku, da mutane suka ragu, Ummi ta same ni a zaure. Ta ce tun ranar take maimaita abin da ta iya kamawa don kada ya gudu kafin in dawo. Ta tsaya a gabana kamar mai ba da hadda, ta fara. Sauti ne kawai, an haɗa ƙarshen wata kalma da farkon wata, an tsallake tsakiya. Na sa ta sake, ta sake. Na kira mahaifiyarku ta saurara, ko kunnenta zai kama abin da nawa ya kasa. A cikin duka abu ɗaya ne ya fito daidai, domin Ummi ta ce shi Dada ta fi nanatawa.

"Baba, me take cewa?"

"Ta ce kada ki manta."

"Kada in manta da me?"

Na ce ban sani ba.

Na ci gaba da koyar da darasin nan har na yi ritaya, ban canza ko kalma ɗaya a kan tsirrai da dabbobi ba, domin ban ga ƙarya a ciki ba. Ƙarin da na yi ne na daina. Ba wai na gano harsuna ba sa mutuwa ba, suna mutuwa, kuma watakila ko ban yi abin da na yi ba jikokinku ba za su ji Fillanci ba. Abin da na gano ƙarami ne. Ƙudan tsando ba ya sanin saniyar da yake cizo, amma a harkar mutane duk inda aka ce zamani ne ya tankaɗe abu, in ka matsa kusa za ka tarar da wani a tsaye yana nuna wannan yana barin wancan. Wani yana yi da kuka, kamar Hamma. Wani yana yi da bayani. Amfanin bayanin a wurina shi ne ya ɓoye mini hannuna.

Na gwada gyarawa bayan addu'ar arba'in ɗin Dada. Na fara yi muku Fillanci a wurin cin abinci, kuka dinga kallon juna kuna ƙunshe dariya, ni ma na ji bakina ya yi nauyi, domin ban taɓa zama uba da wannan harshen ba. Ban kai wata guda ba na bari. Yau in 'ya'yan Hamma suka zo, sai in tsaya ina laluben kalma a tsakiyar magana, su cika mini.

Bara, ana gab da azumi, Ummi ta kira ni daga Kaduna da tsakar rana. Yanzu ita ma ta aurar da 'ya. Ta ce tana cikin yanka albasa sai wani guntu daga maganar Dada ya faɗo mata, wanda ba ta faɗa mini ba a wancan lokacin. Ta ce in saurara da kyau. Na kashe rediyo, na manna wayar a kunnena mai ji. Ta faɗa. Na ce ta sake a hankali, ta sake har sau uku. Na juya shi ta kowace fuska, na gwada shi da sunayen dangi, da na shanu, da na wuraren da muka yi kiwo. Bai zama komai ba. Na yi tunanin in ƙirƙira mata wata ma'ana mai daɗi, ba wanda zai ƙaryata ni. Sai na ce mata ban gane ba.

Ina jin ƙarar tukunya a bayanta.

"To, Baba," ta ce. "A gai da mutanen gida."